James Martin: Ɗan shekara 14 da ya tafi yaƙin Galipoli bai dawo ba

A ranar 25 ga Oktoba, 1915, aka ɗauko wani soja daga gaɓar Galipoli, aka hau da shi jirgin ruwan asibiti mai suna Glenart Castle, wanda ke tsaye a teku daura da sansanin sojojin Ostireliya. Zazzaɓin taifot ya riga ya cinye shi, har ya zubar da kusan rabin nauyin jikinsa. Bai cika awa biyu a cikin jirgin ba zuciyarsa ta tsaya, aka kuma yi masa makwanci a cikin teku kamar yadda ake yi wa duk wanda ya rasu a irin waɗannan jiragen. Takardun rundunarsa sun nuna shi Farabiti James Martin ne, mai lamba 1553, na Bataliya ta 21, kuma shekarunsa 18. Komai na cikin takardun gaskiya ne in ban da shekarun. Ran da ya rasu yana da shekara 14 da wata tara, kuma har yau shi ne mafi ƙanƙantar shekaru a cikin 'yan Ostireliya da aka san sun mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Sa'an ƙasarsa

An haifi James Charles Martin ranar 3 ga Janairu, 1901, a Tocumwal, wani ƙaramin gari a bakin kogin Murray cikin jihar New South Wales. Kwana biyu kafin haihuwarsa ne yankuna shida da Birtaniya ta kafa a nahiyar suka haɗe suka zama tarayyar Ostireliya, don haka shi da ƙasarsa sa'o'in juna ne. Mahaifinsa, Charles, haifaffen birnin Auckland ne na Niyu Zilan, kuma ya taɓa sana'o'i iri-iri don riƙe iyali, daga tsaron kanti zuwa tuƙa keken doki na haya. Mahaifiyarsa sunanta Amelia. James, wanda a gida ake ce wa Jim, shi ne na uku a cikin 'ya'ya shida, kuma shi kaɗai ne namiji.

Iyalin sun yi ta ƙaura daga wannan wuri zuwa wancan har suka zauna a unguwar Hawthorn ta birnin Melbon a 1910, inda Jim ya shiga makarantar gwamnati da ke Manningtree Road. A can ya fara sanin fareti. Tun daga 1911 dokar ƙasar ta wajabta wa yara maza horon soja: 'yan shekara 12 zuwa 14 suna motsa jiki da maci a makaranta, 'yan 14 zuwa 18 kuma su ci gaba da horo mai zurfi sanye da kaki. Yaran zamaninsa sun tashi suna jin cewa su 'ya'yan Daular Birtaniya ne, kuma kare ta farilla ce a kansu. Da ya bar makaranta sai ya kama aikin gona, aikin da ya ƙara masa ƙwari da faɗin ƙirji har ya fi shekarunsa girman jiki.

Takardar da iyaye suka sa wa hannu

Birtaniya ta shiga yaƙi da Jamus ranar 4 ga Agusta, 1914, Ostireliya kuma ta bi bayanta ba tare da jinkiri ba. Andrew Fisher, wanda ya zama Firayim Minista a watan Satumba na shekarar, ya riga ya yi alkawarin cewa ƙasar za ta tsaya wa Birtaniya da duk mutanenta da duk dukiyarta. Mutanen ƙasar a lokacin ba su kai miliyan biyar ba, kuma doka ba ta yarda a tilasta wa kowa zuwa yaƙi a ƙetare ba, saboda haka aka kafa runduna ta 'yan sa-kai zalla. Albashin ƙaramin soja sule shida ne a rana, wanda ya zarce na takwaransa na Birtaniya nesa ba kusa ba. Matasa suka yi ta tururuwa zuwa ofisoshin ɗaukar kurata, wasu don kishi, wasu don kuɗi, wasu don ganin duniya.

Charles Martin ma ya je ya miƙa kansa, aka mayar da shi gida saboda shekarunsa sun wuce ƙa'ida. Daga nan ɗansa ya ƙuduri cewa tunda an ƙi uban, shi zai tafi a madadin gidan. Iyayen suka ƙi, musamman mahaifiyar. Sai yaron ya kawo musu abin da ya fi ƙarfinsu: in ba su yarda ba zai gudu, ya shiga soja da wani suna, kuma ba zai taɓa rubuto musu wasiƙa ba. Amelia ta tsinci kanta gaba kura baya sayaki. In ta hana shi, zai ɓace mata ba ta san inda yake ba. In ta yarda, aƙalla za ta riƙa jin labarinsa, kuma sunansa na gaskiya zai kasance a rajista. Dokar rundunar ta ce duk wanda bai kai shekara 21 ba sai ya kawo rubutacciyar amincewar iyayensa. Suka rubuta masa.

Ranar 12 ga Afrilu, 1915, aka ɗauke shi soja yana da shekara 14 da wata uku, bayan ya shaida wa masu ɗaukar kurata cewa shekarunsa 18. A wancan zamani ba a neman takardar haihuwa a wurin ɗaukar soja. Likita yakan auna tsawo da faɗin ƙirji, ya duba haƙora da idanu, jami'i kuma ya rubuta shekarun da mutum ya faɗa da bakinsa. Hausawa na cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma a wannan karon takardar yaron ta bi ta hannun manya da dama, kowannensu ya cika nasa gurbin ya miƙa gaba, babu wanda ya tsaya ya tambaya.

Abin da ya kai su Galipoli

Kwana 13 bayan Jim ya sa kaki, sojojin Ostireliya da Niyu Zilan, waɗanda ake kira Anzak a taƙaice, suka sauka a gaɓar Galipoli ta ƙasar Turkiyya. Daular Usmaniyya ta Turkawa ta shiga yaƙin a ɓangaren Jamus tun ƙarshen 1914, ta kuma toshe mashigin ruwan Dardanel, hanyar da Rasha ke bi ta fitar da hatsinta ta kuma karɓi makamai daga ƙawayenta. Winston Churchill, wanda ke riƙe da ma'aikatar sojan ruwan Birtaniya, yana cikin waɗanda suka matsa a buɗe mashigin da ƙarfi a kai ga Istanbul, a fitar da Turkawa daga yaƙin. Jiragen yaƙin Birtaniya da Faransa suka gwada ranar 18 ga Maris, 1915, nakiyoyin ruwa da igwogin Turkawa suka nutsar da uku daga cikinsu. Da hanyar ruwa ta gagara, sai aka koma kan sojan ƙasa ƙarƙashin Janar Ian Hamilton.

Da asubahin 25 ga Afrilu sojojin Anzak suka tarar da kansu a wata siririyar gaɓa, a gabansu tsaunuka masu tsayi da kwazazzabai cike da sarƙaƙƙiya. Turkawa, waɗanda a cikin kwamandojinsu akwai Laftanar Kanar Mustafa Kamal, wanda daga baya ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, suka riƙe kan tsaunukan. Daga ranar har ƙarshen yaƙin, maharan ba su iya matsawa can cikin ƙasa ba. Kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya fake, aka zauna ana kallon juna ta bakin bindiga.

A can gida kuwa, jaridu sun cika da labarin jaruntar da aka nuna ranar saukar, tare da jerin sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda aka raunata. Jerin bai sanyaya gwiwar matasa ba, domin a watan Yuli na 1915 kaɗai fiye da mutum 36,000 suka shiga soja. Jim yana karɓar horo a sansanin Broadmeadows da ke bayan garin Melbon, daga bisani aka mayar da su Seymour bayan taɓo da cututtuka sun addabi sansanin farko. Mako 11 cur ya yi a ƙasarsa sanye da kaki, a lokacin da kowa ya riga ya san abin da ke faruwa a Galipoli, asirinsa bai tonu ba. Ranar 28 ga Yuni ya shiga jirgin ruwa mai suna Berrima daga Melbon, cikin rukunin farko na sojojin da aka tura don cike giɓin Bataliya ta 21.

Awa huɗu a cikin ruwa

Jirgin ya kai su Masar, inda suka ci gaba da horo cikin zafin hamada a kusa da Alƙahira. A ƙarshen Agusta bataliyar ta tashi daga Iskandariyya cikin jirgin dakon soja mai suna Southland, ta nufi tsibirin Lemnos, zangon ƙarshe kafin Galipoli. Tekun ba ta da aminci a lokacin. Ranar 13 ga Agusta wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus mai lamba UB-14 ya nutsar da jirgin dakon soja Royal Edward, mutum fiye da 900 suka halaka. Shi ne kuma ya harbi Southland da safiyar 2 ga Satumba.

An ba da umarnin a bar jirgin, aka saukar da kwale-kwalen ceto, wasu daga cikinsu suka kife. Kimanin mutum 40 suka rasa rayukansu, ciki har da Kanar Richard Linton, kwamandan Birged ta 6 wadda bataliyar Jim ke ƙarƙashinta. Southland bai nutse ba, domin wasu 'yan sa-kai sun zauna a ciki sun lallaɓa shi har tashar Mudros da ke Lemnos. Jim kuwa sai da ya shafe kusan awa huɗu a cikin ruwa kafin wani jirgi ya tsamo shi. Bayan 'yan kwanaki aka sake shirya su, cikin duhun daren 8 ga Satumba suka sauka a gaɓar Anzak.

Mako bakwai a cikin rami

Lokacin da suka iso, babban farmakin watan Agusta ya riga ya ci tura. A gumurzun Lone Pine kaɗai, wanda aka fara ranar 6 ga Agusta aka yi kwanaki ana yi, Ostireliya ta yi asarar sama da mutum 2,000 tsakanin matattu da masu rauni, a kan ƙasar da ba ta fi 'yan filayen ƙwallo ba. Sababbin zuwa an kawo su ne su karɓi waɗanda suka galabaita, su riƙe layi. An ajiye ƙungiyar Jim a ramukan da ke kusa da wurin da ake kira Courtney's Post, a kan tudun da ke kallon kwarin Monash. Aikinsu gadi ne dare da rana, da haƙa da gyaran rami, da ɗauko ruwa da kayan abinci daga gaɓa zuwa kan tsauni. Ɗaga kai sama da bakin rami na iya zama ajali, shi ya sa sojojin suka ƙirƙiro bindiga mai madubi da ake harbawa daga ƙasa, suka kuma riƙa haɗa gurneti da gwangwanayen jam da suka ƙare.

A wasiƙun da ya aika gida, Jim ya gaya wa iyayensa cewa tsakaninsu da Turkawa bai wuce yadi 70 ba, ya kuma roƙe su kada su damu, domin yana nan lafiya ƙalau. Abin da ya fi ci masa rai shi ne shirun gida. Iyalinsa suna ta rubuto masa, amma tsarin kai wasiƙu na rundunar ya rikice, har ya bar duniya ko ɗaya ba ta iso hannunsa ba. Yaron da ya karya lagon mahaifiyarsa da barazanar ƙin rubuto wasiƙa ya cika nasa alkawarin, shi ne kuma ya zauna a rami yana ganin ana raba wa wasu saƙon gida ana tsallake shi.

Abokin gaban da ya fi harsashi ɓarna a waɗannan watanni shi ne cuta. Dubban mutane ne cunkushe a ƙaramin wuri, ga gawarwakin da ba a iya binnewa ba a tsakanin ramukan ɓangarorin biyu, ga masai a buɗe, ga ƙudaje da ke tashi daga can su sauka a kan abinci. Ruwan sha a jirgi ake kawo shi daga nesa, ana raba shi da awo, saboda haka wanka da wanki sai dai a teku ga wanda ya yarda ya yi kasada da igwa. Abincin kullum naman gwangwani ne mai gishiri da busasshen biskit mai karya haƙori, sai jam da shayi. Kwarkwata ta cika tufafi. Atuni da gudawa da zazzaɓin taifot, waɗanda duk ta gurɓataccen ruwa da abinci suke shiga jiki, suka riƙa kwantar da sojoji fiye da yadda Turkawa ke yi.

Da sanyi da ruwan sama suka shigo a watan Oktoba, Jim ya kamu. Ya yi kusan mako biyu yana jin jiki yana ƙin zuwa wurin likita, yana ci gaba da aikinsa, har ciwon ya kai shi ƙasa. Taifot kan fara da zazzaɓi da ciwon kai da kasala, sannan ya ci hanji, ya tsotse ruwan jiki, ya raunana zuciya. A 1915 babu maganin da ke kashe ƙwayar cutar, sai a 1948 aka fara samun irinsa. Abin da jinya ke iya yi shi ne hutu da ruwa mai tsabta da abinci mai laushi, kuma duk babu su a kan tsaunin. Ranar 25 ga Oktoba, kwana 47 da saukarsa Galipoli, aka sauko da shi zuwa gaɓa, aka kai shi Glenart Castle, inda ya cika a ranar. Duka zamansa a soja wata shida ne da kwana 13.

Shugabar ma'aikatan jinya ta jirgin ta rubuta wa mahaifiyarsa wasiƙar ta'aziyya, ta ba ta labarin sa'o'insa na ƙarshe. Kayan da ya bari ba su da yawa: littafin Sabon Alkawari, da ɗan littafin rubutu, da kwanon cin abinci, da ɗamara, da wani zirin takarda mai launin ja da fari irin wanda masu rakiya ke jefa wa matafiya a tashar jirgin ruwa. Ya riƙe shi tun daga Melbon.

Shawarar da ta zo a makare

A makonnin da Jim ke gadi a rami, manyan jami'ai a Landan sun riga sun fara yanke ƙauna daga yaƙin Galipoli. Wani ɗan jaridar Ostireliya, Keith Murdoch, ya ziyarci fagen a farkon Satumba, ya rubuta wa Firayim Minista Fisher doguwar wasiƙa yana sukar yadda ake tafiyar da yaƙin, wasiƙar kuma ta kai hannun ministocin Birtaniya. A tsakiyar Oktoba aka sauke Janar Hamilton. Wanda ya gaje shi, Janar Charles Monro, ya iso a ƙarshen watan, ya duba, ya ba da shawarar a janye. Ministan yaƙi, Kitchener, ya zo da kansa a watan Nuwamba ya ga abin da idonsa, sannan aka amince.

An kwashe sojojin Anzak a ɓoye cikin dare, na ƙarshensu suka bar gaɓar ranar 20 ga Disamba, 1915, mako takwas daidai bayan rasuwar Jim, mako biyu kafin ranar da zai cika shekara 15. Ragowar sojojin ƙawance sun bar kudancin yankin a farkon Janairu, 1916. Ba a buɗe mashigin Dardanel ba, ba a kuma kai ga Istanbul ba. Ostireliya ta bar matattu sama da 8,000, Niyu Zilan sama da 2,700, ƙawancen gaba ɗaya kimanin 44,000. Turkawan da suka mutu suna kare ƙasarsu sun kai kusan ninki biyu na wannan adadi. Bataliya ta 21 ta wuce Faransa, ta yi yaƙi a Pozières a 1916, ta ci gaba har zuwa Oktoba, 1918. Shi kansa jirgin Glenart Castle bai ga ƙarshen yaƙin ba, domin wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da shi a gaɓar Ingila ranar 26 ga Fabrairu, 1918.

Kafin a tsagaita wuta a watan Nuwamba, 1918, 'yan Ostireliya sama da 416,000 sun shiga soja, fiye da 60,000 kuma sun mutu. Sau biyu gwamnatin Billy Hughes ta nemi al'umma su amince da tilasta shiga soja, a Oktoba, 1916 da Disamba, 1917, sau biyun kuma masu zaɓe suka ƙi. Rundunar ta ci gaba da dogara da masu kawo kansu, kuma Jim ba shi kaɗai ne yaron da ya ƙara wa kansa shekaru aka karɓe shi ba. Wasu an gano su an mayar da su gida, wasu sun kai fagen daga, wasu ba su dawo ba.

Suna a jikin dutse

An ba shi lambobin yabo uku da ake ba waɗanda suka yi wannan yaƙin, bayan ransa. Tunda kabarinsa teku ne, sai aka sassaƙa sunansa a jikin dutsen tunawa na Lone Pine da ke Galipoli, cikin sunaye sama da 4,900 na 'yan Ostireliya da Niyu Zilan waɗanda ba a san kabarinsu ba ko aka binne su a ruwa. Tun daga 1916 ƙasashen biyu ke keɓe 25 ga Afrilu a matsayin Ranar Anzak, kuma har yanzu dubban mutane kan je Galipoli su tsaya da asuba a wurin da aka sauka. A 2001 marubuci Anthony Hill ya fitar da littafin Soldier Boy a kan rayuwarsa, wanda ya sanar da yaran makaranta labarinsa. A shekarar 2000 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙarin yarjejeniya kan haƙƙin yara, wadda ta fara aiki a 2002, ta ɗora wa gwamnatoci nauyin hana tura wanda bai kai shekara 18 ba fagen fama, da neman tabbatacciyar shaidar shekaru kafin a ɗauki ƙaramin ɗan sa-kai. Irin wannan shaidar ce babu wanda ya nema a Melbon ranar 12 ga Afrilu, 1915.

A birnin Kanbera, a Gidan Tunawa da Yaƙi na Ostireliya wanda aka buɗe a 1941, akwai dogayen allunan tagulla ɗauke da sunayen sama da mutum 100,000 da suka mutu a yaƙe-yaƙen ƙasar. An jera su ne bisa rundunoninsu, babu muƙami, babu lambar yabo, babu shekaru. Sunan Martin yana nan a cikin na Bataliya ta 21, tsakanin magidanta da samarin da suka girme shi. Wanda bai san labarin ba zai wuce shi bai lura ba. A ɗakin adana takardu na gidan kuma akwai wasiƙun da ya rubuto daga rami, inda yake gaya wa mahaifiyarsa cewa yana lafiya, yana kuma tambayar dalilin da ya sa bai ji daga gida ba.